Ƙafar da Ba Ta Jin Zafi

Litinin, da safe, kafin in tafi makaranta

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake rubutawa. Idan na gaya wa matan zumuntar cocinmu, kafin yamma maganar ta zaga unguwa ta dawo mini da ƙari. Idan na gaya wa 'yata Rediyo, wadda bakinta ya ja mata wannan suna tun tana ƙarama, za ta hau mota ta zo ta ɗaga mana gida.

Dattijo ya daina shan maganinsa. Mijina ne, amma tun da aka zaɓe shi cikin dattawan ikilisiya kowa ke ce masa Dattijo, har ni bakina ya saba. Ciwon suga gare shi, shekara da shekaru muna lallaɓa shi: ƙwaya da safe, ƙwaya da yamma, shayi ba suga, asibiti duk ƙarshen wata. Sai aka yi taron farkarwa a cocinmu, baƙon mai wa'azi ya ɗora masa hannu, ya ce bangaskiya ba a baki take ba, a aikace ake ganinta. Ranar Lahadi lokacin ba da shaida sai ga Dattijo ya miƙe, ya zaro ledar magungunansa daga aljihu. Ya ce Ubangiji ya warkar da shi. Ya ajiye ledar a gaban bagade, ya koma ya zauna. Coci ya ɗauki tafi, mata suna rungume ni, ni kuwa ina ta murmushi kamar wadda za a ɗauka hoto.

Ko a hanya bai faɗa mini zai yi ba. Yau kusan wata guda ke nan.

Jiya da nake wanki na ga jini a safarsa ta dama.

Talata, da yamma

Na tambaye shi. Ya ce allurar ɗinki ce ta faɗi a shago ya taka, sai da ya cire takalmi ya gan ta a maƙale a tafin ƙafarsa. Yana ba ni labari yana dariya.

"Ko ji ban yi ba, Malama. Da can ko tsakuwa na taka sai na yi ƙara. Yanzu allura ta shige ni ban sani ba. Idan wannan ba warkewa ba ce, mece ce?"

Ni ce nake raka shi asibiti, kuma da kunnena na ji nas tana cewa ranar da mai suga ya daina jin ƙafarsa, ranar ce ya kamata hankalinsa ya tashi. Na faɗa masa haka, a hankali, yadda ba zai ce na ɗaga murya ba.

Ya ce, "Kin fara."

Na kawo ruwan gishiri da auduga. Ya bari na wanke, don dai in bar shi ya huta.

Alhamis, lokacin hutun 'yan makaranta

Mutumin da ya yi shekaru yana shan shayi salam yanzu shi ke jan gwangwanin suga gabansa, cokali na bin cokali, yana kallona ta gefen ido ko zan yi magana. Ruwa kuwa yana shansa kamar ana zubawa a kwando. Wandonsa ya yi masa yawa, shi da kansa ya rage ƙugun a kekensa na ɗinki. Mutanen coci suna ce masa, "Kai Dattijo, ka koma saurayi!" Shi kuma yana shafa ciki yana cewa aikin Ubangiji ne.



Jumma'a, da safe

Wurin bai rufe ba. Gefensa ya yi fari, tsakiyar ta yi zurfi.

Lahadi, bayan sujada

Yau an yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Almasihu, kuma Dattijo na cikin masu rarrabawa. Na roƙe shi ya sa silifa, ya ce ba zai ɗauki tiren Ubangiji da takalmin wanka ba. Haka ya cusa ƙafar a cikin baƙin takalminsa, ya ɗaure igiya. Yana bin layi-layi da tire a hannu, kowa ya sunkuyar da kai yana addu'a, ni kaɗai idona a buɗe, ina bin takalmin da kallo. Ban san abin da aka yi wa'azi a kai ba.

Da aka tashi, shugaban matasa ya tare shi a bakin ƙofa, wai suna so ya zo taronsu ya maimaita shaidarsa, domin ta ƙarfafa mutane da yawa. Dattijo ya ce da yardar Allah.

A gida sai da na jiƙa safar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da fatar.

Litinin, da yamma

Ni ma Kirista ce, ba jiya na fara ba. Na gaskata Allah yana warkarwa, na gani a kan Rediyo lokacin da sanƙarau ya kusa ɗauke mana ita. Amma a gadon asibiti ya warkar da ita, da ledar ruwa rataye a kanta, mu kuma muna durƙushe a ƙasa. Ban taɓa jin cewa addu'armu ta ragu don akwai likita a ɗakin ba.

Duk shekarun da Dattijo ya yi yana kauda kai daga abin zaƙi, yana tafiya shago a ƙasa don motsa jiki, yana haɗiye ƙwayarsa a kan lokaci, ni a wurina wannan ma biyayya ce. Jikin aro ne, mai shi zai tambaya. Yanzu an ce duk wancan rashin bangaskiya ne, wannan da nake wankewa da ruwan gishiri shi ne bangaskiya.

Na shirya wannan maganar tsaf a kaina tun daga makaranta. Da ya shigo ya ce, "Sannu da gida, Malama," sai na ce, "Sannu da aiki," na kawo masa abinci.

Laraba, da safe

Ɗakin ya fara wari. Na buɗe tagogi, na canja zanin gado. Dattijo ya ce ƙila ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Na ce ƙila. Ya ce in janye kabad ɗin a duba. Na janye, na haska da tocila, na share ƙurar da ke wurin, na mayar. Yana zaune a bakin gado yana kallona, ina yi ina sane, shi ma yana sane.

Ya ce, "Ƙila a silin yake."

Na ce, "Ƙila."

Alhamis, bayan tashi daga makaranta

Na je wurin Fasto. Yaro ne a kanmu, Dattijo ne ya koyar da shi a makarantar Lahadi tun yana zuwa da majina a hanci, har yau Baba yake ce masa. Da na gama bayani sai ya dafe kai.

"Mama, ni na ɗauka likita ne ya sallame shi. Na ɗauka godiya ya zo yi."

Na ce, "Ka tambaye shi?"

Can ya ce, "Ta yaya zan tambayi Baba irin wannan a gaban jama'a?"

Na ce ai bayan jama'a ma akwai. Ya jawo aljihun teburinsa, ga ledar nan a ciki yadda aka ɗaure ta. Ya ce bai san yadda zai yi da ita ba, zubarwa ba daɗi, mayarwa ba daɗi, shi ya sa ya ajiye. Ya yi alkawarin zuwa gida gobe.

Jumma'a, da yamma

Fasto ya zo. Ya tambayi lafiyar shago, ya tambayi Rediyo da mijinta, ya yi maganar rufin coci da ke yoyo. Shayinsa ya huce bai kai ga abin da ya kawo shi ba. Daga ƙarshe ya fito da ledar ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Baba, shan magani ba zunubi ba ne. Allah ne ya ba likita sani."

Dattijo ya dubi ledar, ya dube shi.

"Ɗana, abin da na ajiye wa Ubangiji a gaban bagade, kai ne za ka ɗauko ka dawo mini da shi?"

Fasto ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce mu yi addu'a. Muka yi, doguwa, mai kyau. Ya tafi ya bar ledar, Dattijo kuma ya ture ta da bayan hannu zuwa ƙarshen tebur.

Asabar, da safe

Na daka ƙwaya guda na zuba masa a shayi. Kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye kofin.

Asabar, da yamma

Bai ci abincina ba yau. Ya aika an sayo masa burodi da lemon kwalba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shekara nawa muna tare, yau ke ce kike zuba mini abu a ɓoye." Na shiga kicin na yi kuka. Abin haushin shi ne, ya yi gaskiya, yaudara ce na yi. To in bar shi ke nan don in zama mai gaskiya? Ban san wanne ne daidai ba, kuma na gaji da rashin sani.

Lahadi

Takalmin ya ƙi shiga. Ya ce in gaya wa 'yan coci mura yake yi. Na gaya musu mura yake yi.

Talata, da yamma

Mai askin da ke jikin shagonsa ya tare ni a hanya. Ya ce, "Malama, lafiya kuwa? Kwana biyu ba na jin ƙarar keken Dattijo. Da ita nake sanin gari ya waye." Na leƙa shagon. Rigunan mawaƙan coci da aka ba shi ɗinki suna jibge a kan tebur, an yanka ba a haɗa ba. Yana zaune a gaban keke, ya ɗora ƙafar dama a kan kujerar roba, yana ƙoƙarin takawa da ta hagu. Keken ya yi gaba, ya yi baya, zare ya cukuikuye. Tun yana saurayi da ƙafar dama yake taka keken nan, da ita ya ciyar da mu, da ita ya biya wa Rediyo makaranta.

Ya ɗago ya gan ni, ya ce keken ne ke son mai.

Laraba, da la'asar

Yau ya yi magana. Ina naɗa masa bandeji, baƙin da fatar ta yi ya wuce yatsu ya hau bayan ƙafa, ina ta ƙoƙarin kada fuskata ta nuna. Sai na ji ya ce, a hankali:

"Malama, ni ba yaro ba ne. Ina da hanci."

Na tsaya da bandeji a hannu.

"To mu tafi asibiti, Dattijo. Yanzu. Bari in kira mai mota."

"Da wane baki? Na tsaya a gaban ikilisiya na ce Allah ya yi. In koma in ce bai yi ba? Yaran nan da suka yi tafi, me zan ce musu? In ce Allah ne ya fasa?"

Na ce, "Ba Allah ne ya fasa ba, kai ne ka yi gaggawa. Ka tashi ka ce ka yi kuskure, ba wanda zai kashe ka."

Ya girgiza kai. Ya ce magana zarar bunu ce. Ya ce mu ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata, Allah ba ya makara. Na ce masa ni tsoro nake ji. Na faɗa masa sarai, ina jin tsoro. Ya dafa kaina kamar yadda yake yi wa yara, ya ce in gama naɗin.

Na gama naɗin.

Alhamis, da safe

Zazzaɓi ya rufe shi. Na ce wa shugaban makaranta ni ce ba ni da lafiya. Ƙarya ta zama mini kamar gaisuwa.

Jumma'a, da hantsi

Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Na ɗauki waya na kira Rediyo.

Jumma'a, da yamma, a barandar asibiti

Rediyo ta shigo gidan da faɗanta tun daga ƙofa, me ya sa ba a gaya mata ba, ita ba 'yar gidan ba ce, sai an mutu za a kira ta? Ta ɗaga labulen ɗaki, ta janye zanin da na rufe ƙafar da shi. Sai ta yi shiru. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa jin shirunta ba sai yau.

Ita da mai aski suka ɗauke shi zuwa mota. Bai hana ba, ba shi da ƙarfin hanawa. Yana ta cewa a bi ta bayan layi kada 'yan coci su gani.

Likitan bai yi mana faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Ya tambayi yaushe abin ya fara, na faɗa. Ya tambayi maganin da yake sha, Rediyo ta kalle ni, na faɗa. Ya ce da lokacin da yake ramin allura aka zo, wanki ne da magani kawai. Sannan ya ciro biro daga aljihu, ya ja layi a kan fatar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Rediyo ta ce, "Likita, ba wata hanya?"

Ya ce idan aka ƙara jira, layin sama zai ƙara hawa.

Asabar, da safe

Zazzaɓin ya ɗan sauka, an yi masa bayani cewa sai an yanke ƙafar. Ya daɗe yana kallon layin biron. Ya tambayi likita ko ana iya taka keken ɗinki da ƙafar roba. Likita ya ce a bar wannan tukuna.

Asabar, da yamma

Rediyo ta ce mini, "Mama, ke fa kina gani." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce ina gani.

Lahadi

Gobe.

Litinin

An yi.

Laraba, da rana

Bargon yana tudu a gefe ɗaya, ɗaya gefen a shimfiɗe. Na koyi zama ta hagunsa.

Nas tana zuwa ta soka masa allurar suga, yana miƙa hannu ba musu, har da "na gode, 'yata". Abin da ke hana shi sakat yanzu zafi ne. Wai babban yatsansa na dama ke masa zugi, tafin ƙafar yana ƙaiƙayi, in taimaka in sosa masa. Likita ya ce haka ake yi, zai ragu. Wata da watanni ƙafar tana jikinsa ba ya jin ta, sai yanzu. Na rasa inda zan sosa, sai na sosa katifa, ya ce yawwa, nan.

Jumma'a, da safe

Fasto yana zuwa kullum. Ba ya doguwar addu'a yanzu, zama kawai yake yi, wani lokaci ya riƙe masa kofi. Jiya ya ce, "Baba, ka yafe mini, da na tambaye ka tun ranar." Dattijo ya ce, "Da ka tambaya ma da ban ji ba."

Lahadi, da yamma

Matan zumunta sun zo dubiya bayan sujada, da kulolin abinci da waƙa, har nas ta leƙo ta ce a sassauta. Kowa na kallon fuskarsa, ba mai kallon bargo. Da suka fita sai Maman 'yan biyu ta tsaya. Ita ma mai suga ce, a layin asibiti muke haɗuwa da ita duk ƙarshen wata, mu yi ta hira kafin a kira su. Ta rame sosai, da gorar ruwa a hannunta tana kurɓa.

Ta matso kusa da gado ta ce, "Dattijo, na zo in ƙarfafa ka ne, yadda ka ƙarfafa ni. Tun ranar da ka ajiye ledarka a gaban bagade, ina komawa gida na juye nawa a masai. Har yau ban ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya ba."

Ya kama bakin bargon, mutumin da ko ni ba ya so in gani, ya yaye shi gaba ɗaya.

"Duba," in ji shi. "Duba da kyau. Ban warke ba, Maman 'yan biyu. Kuskure na yi. Ki koma wurin likita gobe, don Allah, gobe da safe."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta jawo bargon da hannunta ta rufe masa, ta gyara gefen.

"Gwaji ne, Dattijo. Kada ka bar gadon asibiti ya canja maka baki. Ni abin da na ji a gaban bagade shi na riƙe."

Ta yi mana sallama ta fita. Ya yunƙura zai bi ta, ya manta babu ƙafar, da ban tare shi ba da ya kife a ƙasa. Ya riƙe wuyan rigata yana cewa, "Bi ta, Malama, bi ta!"

Na bi ta har bakin titi. Na faɗa mata abin da nas ta faɗa, na faɗa mata abin da likita ya faɗa, na faɗa mata har warin. Ta saurare ni da ladabi, ta dafa kafaɗata ta ce za ta sa ni a addu'a, Allah ya ƙara mini bangaskiya. Mota ta zo ta shiga.

Da na dawo bai tambaye ni yadda muka yi ba, fuskata ya duba. Ya juya ya fuskanci bango. Can na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka addu'a ce, ashe lissafi yake yi. Mai gadin coci yana da hawan jini. Matar direba tana da suga. Tsohon mai kiɗan ganga ma kullum da ƙwaya a aljihu.

"Wa kuma, Malama? Wa kuma ya ji ni ranar?"

Na ce, "Cocin a cike yake ranar, Dattijo."